Maƙwabciyar Tungar Alfari

Tungar Alfari, ta hanyar Gaya
9 ga Maris, 1964

Zuwa ga matata Zuwera,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida a Yamai. Yaya nauyin jiki? Kumburin ƙafar ya sauka, ko har yanzu takalmin Inna kike ara? Ni lafiya lau, sai kewarki da zafin Gaya.

Kin ce in ba ki labarin aiki. To, malamin yaƙi da jahilci yana nan yana fama da masu gemu. Ɗalibaina ashirin da uku ne, ƙaraminsu ya girme ni, amma duk Mushe suke ce mini, wato malam da Faransanci. Wanda ya fi su ƙwaƙwalwa shi ne mai masaukina, Baba Hamani, tsohon maharbi. Da tsakar rana muke karatu a gindin tsamiya, don lokacin ne kaɗai ba su da aiki, kuma ba mu da kananzir na fitila.

Daga biro, wato ofishinmu na Gaya, aka aiko mini da kwalaye masu hotuna, bugun Faransa, aka ce in rubuta sunan Hausa a ƙarƙashin kowane. Na farko hoton rana ne, kuma wallahi kwana uku muka yi a kansa. Na tambaye su abin da suka sani game da ita, sai ga shi su ke koya mini. Baba Hamani ya jero mini hudowa, da hantsi, da walaha, har la'asar sakaliya. Wani ya ce ai rani ma ɗan rana ne. Wani ya ce mutum marar rana shi ne marar amfani, ya nuna ƙanensa, aka yi ta dariya. Da muka zo kan lokacin da rana ke take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sai dariyar ta ragu. Suka ce a nan garin ba a ƙwala wa kowa kira a wannan lokaci.

Kwali na biyu shi ya jawo tsiya. Dabba ce mai ratsi-ratsi, wadda Nasara ke kira tigir. Suka ce ba su san ta ba, tasu mai ɗige-ɗige ce. Na ce ai Hausa suna ɗaya ta ba su duka, na rubuta damisa a tablo, babban allonmu, na ce su karanta bayana. Suka ƙi. Baba Hamani ya ce mini a hankali, Maƙwabciya ake ce mata a nan. Tana dutsen da ke bayan giginyu, kuma tun zamanin kakansa ba ta taɓa ɗaukar ko ɗan akuya ba, muddin ba a kira sunanta ba. Kin san ni da taurin kai. Na ce gwamnati ta aiko ni yaƙi da irin wannan ne, na faɗi sunan sau uku da ƙarfi, ina buga gaɓoɓinsa da sanda. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya cire hularsa ya goge tablo da ita, ya tafi.

Za su huce. Ke dai ki ci abinci. Inna ta ce haihuwa sai ƙarshen Mayu, ni kuwa na karɓi izini daga tsakiyar watan. Na yi miki alkawari, ɗanmu na fari ba zai zo duniya ubansa yana wani gari ba.

Naki har kullum,
Labo

2 ga Afirilu, 1964

Zuwera,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta su Baba. Wasiƙarki ta iso, na gode da yajin. Wannan ki karanta ta ke kaɗai, kada ki ba ƙanwarki Bibata ta karanta wa mutane kamar yadda ta saba. Waccan ta farko kuma ki sa ta a murhu.

Kada ki ce mijinki ya taɓu. Kullum da safe Rabi'atu, matar Baba Hamani, tana share ƙofar ɗakina tas. Kullum in na fito alwalar azahar sai in tarar da sawu a kan sharar, faɗinsa kamar tafin hannuna. Yana zagaya ɗakin sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa. Yau kwana ashirin ke nan. Na zauna a ƙofa ido buɗe tun daga hantsi, ban ga komai ba, na shiga shan ruwa na fito, ga shi nan. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Idan rana ta take, kare ba ya haushi, akuya ba ta kuka, ko kurciya ba a ji. Ba a taɓa dabbar kowa ba.

Na sauke girman kai na tambayi Baba Hamani. Ya ce an kira ta ne, ta zo jin abin da aka kira ta dominsa, kuma ba za ta daina zuwa ba sai an ba ta amsa. Wanda ya yi kiran shi ke hawa dutsen da tsakar rana, ba hula ba takalmi, da ƙwaryar ruwa, ya ce kuskure ne. In ta sha, magana ta ƙare. Sai dai wanda ta sha ruwan hannunsa ta san shi ke nan. Shi zai riƙa kai mata ruwa duk Laraba, kuma duk inda ya sa ƙafa tana biye. Baba Hamani da kansa ya yi wannan kuskure yana saurayi. Shekara talatin da wani abu ke nan bai kwana a wajen garin nan ba, ko Dosso bai sani ba.

Na je wurin liman. Bai ce gaskiya ne ba, bai ce ƙarya ne ba, ya ba ni addu'a ya sallame ni.

Na gaya wa Baba Hamani kina da ciki. Ya ce shi zai hau a madadina, tunda ta san shi, wataƙila ta karɓa. Zuwera, na yarda. Ina jin kunyar rubuta miki wannan, amma na yarda, har na ji sanyi a raina.

Ki sa ni a addu'a.
Labo

21 ga Afirilu, 1964

Zuwera,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da Inna. Allah ya sa kina samun barci.

Baba Hamani ya rasu. Ya hau dutsen, ya dawo da ƙwaryar cike yadda ya tafi da ita. Ba ta sha ba. Ya ajiye ta a ƙofata, ya shiga ɗaki ya kwanta, bayan kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin masu wanka, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Mutumin da ya fara rubuta sunansa da hannunsa wata biyu da suka wuce, yana dariya kamar yaro.

Bayan jana'iza sawun ya bar ƙofata ya shiga gari. Aka gan shi a bakin rijiya, aka gan shi a rumfar da mata ke shimfiɗe jarirai in suna daka. Babu wanda ya ce mini uffan. Rabi'atu tana cikin takaba, amma ba ta fasa aiko mini da tuwo ba. Da zagina suka yi, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Laraba na cire hula da takalmi na ɗauki ƙwarya. Ƙasa tana ƙuna, kafin in wuce giginyu tafin ƙafata ya tashi. A saman dutsen akwai wani kogo mai faɗin ƙofar zaure. Na durƙusa na ajiye ruwan, na ce ni ne na yi kira, kuskure ne, a yi haƙuri. Na rufe ido, ban ɗaga kai ba. Na ji wari irin na tsohuwar fata, na ji numfashi a kan wuyana, mai ɗumi, a hankali. Sai na ji ana lasar ruwa. Na ƙirga har arba'in, na ɓata lissafi. Da na buɗe ido ƙwaryar ta bushe, ba kowa, sai rana.

Ina saukowa na ji zakara ya yi cara a gari, awaki suka ɗauka. Tun ranar ba a sake ganin sawu ba. Ɗalibaina sun dawo, har da ƙarin mutum huɗu, mun mai da karatu bayan la'asar.

Kada ki damu da sauran maganar da tsohon ya yi. Dabba ce, ƙishirwa ta kawo ta. Wace dabba ce za ta bi mota har Yamai? Ina nan tafe ranar sha takwas ga wata mai kamawa, in Allah ya so. Na saya miki atamfa a kasuwar Gaya.

Mijinki,
Labo

Gaya
19 ga Mayu, 1964

Zuwera, matata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Direba Cha'ibu ne zai kawo miki wannan takarda da atamfar a zuwansa na gaba. Na san kin ji tsayawar kamyo, babbar motarsa, kin leƙo, kin ga ban sauko ba.

Na taso, Allah ne shaidata. Jiya da hantsi na shiga motar Cha'ibu, muka bar Gaya, muka yi tafiya mai nisa a hanyar Dosso. Ina ta murna, har na fara yi wa kaina dariya. Da rana ta take ya tsaya a gindin wani gawo don inji ya huce, muka sauka. Na koma gefe da buta na yi alwala, na zo na zauna jiran lokaci. Sai na lura tsuntsayen da ke kan gawon sun yi tsit.

Na koma inda na yi alwala. Sawun yana nan a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, sabo, ruwa bai gama taruwa a cikinsa ba. Na bi shi da ido. Ya zagaya motar, ya wuce ta bayan wata mata 'yar garin Bana da ta shimfiɗa zane a inuwa tana shayar da jaririnta, tsakaninsa da kan yaron bai kai taki ɗaya ba. Daga nan ya zo daidai inda na ajiye jakata ya tsaya. Matar ba ta ga komai ba, tana ta yi wa ɗanta wasa.

A nan na tuna tsakar gidan Baba, da inuwar darbejiyar da za a shimfiɗa miki tabarma bayan wankan jego. A Yamai wa ya san ba a kiran sunanta? Yaran unguwa da wasa ma sai su faɗa. Na ɗauki jakata na ce wa Cha'ibu na yi mantuwa. Na jira motar da ke komawa, na kwana a Gaya. Gobe Laraba.

Na karya miki alkawari, kuma ba ni da bakin ba ki haƙuri. Ina son ki, ina son ganin fuskar yaron nan fiye da komai a duniya, shi ya sa ba zan zo ba. Ke ma kada ki zo, ko an ce miki ina ciwo. Yayana Yusufu zai tsaya a madadina ranar suna, na rubuta masa. In namiji ne a sa masa Hamani. In mace ce, ki zaɓa da kanki.

Ki riƙa rubuto mini komai, ranar da ya fara zama, ranar da haƙori ya fito, da wanda ya yi kama da shi. In ya yi wayo ya tambaye ki ina ubansa, ki ce yana aiki a wajen Gaya, bai samu wanda zai karɓe shi ba tukuna.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida Baba da Inna.

Ni ne mijinki,
Labo