Ba Wannan Gashin Likita Ke Nufi Ba

Inna Dudu, ki taimake ni ki raba mana gardama, don gidanmu ya kusa rabuwa biyu.

Maigidana jirgin ruwa yake tuƙawa tsakanin Yelwa da Wara. Wani ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, ja, ba zafi ba ƙaiƙayi, muka ɗauka maruru ne. Da ya ƙi nuna sai girma, muka je asibitin birni aka yanke. Likita ya ce ciwon dajin fata ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Ya ce da zarar ɗinkin ya kama, mu tafi wani babban asibiti mai nisa a yi masa gashi.

Inna, gashi fa. Masu jego nawa na yi wa gashi a unguwarmu? Na ce ba sai mun sha doguwar hanya ba. Safe da yamma nakan dafa ruwa da ganyen darbejiya, in matse tsumma in gasa masa wurin. Wallahi ya warke sumul, har ya koma bakin ruwa. Amma ƙanwarsa Ruƙayyatu ta tasa ni gaba, wai zan kashe mata ɗan'uwa. Maganar ta yi mini ciwo har na yi kuka, don ban taɓa kwana ban duba wuyan nan ba. Shi kuma maigidan ya ce in ma za a je, a bari sai ruwa ya ja baya, yanzu ne lokacin fasinja. Ni dai na san hannuna. Ki faɗa mata gaskiya.

Matar Mai Jirgi, Yelwa

'Yata, gaskiya zan faɗa, amma ke zan fara faɗa wa.

Hannunki ba shi da laifi, kalmar ce ta yaudare ki. Gashin asibiti ba na ruwan zafi ba ne. Na'ura ce ke aika wani haske mai ƙarfi cikin nama, ya ƙone ragowar cutar da wuƙa ba ta gani ba. Fata kan haɗe sumul alhali akwai saura a ƙarƙashi. Kuma irin wannan dajin ba shi da haƙuri, shi ya sa likitoci suka fi son a fara cikin 'yan makonni bayan aiki, ba a bari watanni su shige ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Ruƙayyatu ta yi kaushin baki, bai kamata ba. Amma tsoro ne ya yi magana, kuma ku biyun mutum ɗaya kuke wa kuka.

Ki ajiye tsumman nan daga yau. Cikin makon nan ku koma wurin likitan, ki gaya masa duk abin da kika yi ba ɓoyo, ya duba ya tura ku. Ko kuna ganin kun makara, ku je, shi zai faɗa. Maigida ya ba wani amintacce jirgin. In ya yi gardama, ki ce masa ruwa zai ja baya ya sake cika baɗi, shi kuwa wuya ɗaya gare shi.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alherin wannan jinya.

Inna Dudu