Ina Farke Ɗinkin Gwaggo a Ɓoye

Assalamu alaikum ƙawayena na cikin waya. Ya gida, ya aiki, ya fama da caji? Ni dai lafiya lau, sai wayata da kuka cika da saƙonni har tana neman yi mini yaji. Yau na zaɓo muku wata wasiƙa da na karanta sau uku ina wanke-wanke, har kumfa ta shiga mini sifikar waya. Kun taɓa jin wadda aka ƙara wa girma a wurin aiki, sai ta koma laɓewa a bayan labule da reza a hannu? Ku masu son gulma ku kwantar da hankalinku, ba a yanki kowa ba. Ga ta nan yadda ta rubuto.

Ƙawar Kowa, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, kuma ki ɓoye sunana.

Ni tela ce. Shekarata shida a wani shago da muke ɗinka kayan 'yan makaranta, riguna da wanduna da siket. Mu tara ne, ga kekuna a jere, teburin yanka a tsakiya, teburin guga a can ƙurya bayan labule. Wadda ta kawo ni wurin aminiyar mahaifiyata ce, kowa Gwaggo yake ce mata, har Madam mai shagon. Lokacin da na zo ko zare ban iya sa wa keke ba. Ita ta koya mini komai. Kuma ba mai faɗa ba ce. In na yi ɗinki a karkace, sai ta ajiye mini rigar a kan kekena, ta ɗora reza a kai, ta wuce abinta. Ma'ana ki farke ki sake. Na farke ɗinki a hannun matar nan har yatsuna suka yi kanta. Ranar da na fara ɗinka kwala ta zauna daidai, ɗaga rigar ta yi sama tana nuna wa kowa kamar ita ta haife ni.

To wata biyu da rabi da suka wuce Madam ta ce ni zan riƙa duba aikin kowa kafin a yi guga a naɗe. Ta ce gwaji ne na wata uku, in na iya ta bar mini matsayin. Na yi murna wallahi, har na kira mahaifiyata na yi mata albishir. Amma kuma ina nan da nawa ɗinkin, ba a rage mini ko riga ɗaya ba.

Na sauran ba ya ba ni wahala sosai. In na mayar wa mutum aiki zai ɗan turo baki, akwai wata da muke kira Rediyo da ke ce mini ranki ya daɗe sifeto duk lokacin da na gifta, a yi dariya a wuce. Matsalar ita ce Gwaggo. Da na fara duba aikinta sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Aljihu ya karkace, kwala gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wani wurin allura ta sauka daga layi ta koma. Matar da a da ko alli ba ta bukata. Na riƙe rigar nan na rasa yadda zan yi. Ta yaya zan taka in je gaban Gwaggo, a gaban yaran da ta girme wa iyayensu, in ce mata ta sake?

Sai na shiga bayan labule na farke na gyara. Na ce yau ne kawai. Gobe ma haka. Yanzu kullum sai na riga kowa zuwa da safe, kuma in sun fita cin abincin rana sai in ce ba na jin yunwa. Kular abincina haka nake mayar da ita gida, ƙanwata har ta fara tambaya ko soyayya ce ta hana ni ci. Su Rediyo kuwa sun ce tunda na zama sifeto na daina cin abinci da talakawa. Ina jin zafin maganar amma ba halin in yi bayani. Wuyana ciwo, bayana ciwo, in na dawo gida ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa.

Abin da ban gane ba shi ne me ya same ta. Takan miƙo mini allura ta ce in zura mata zare wai hannunta da maiƙo. Ta yi ta yi wa mai gyaran wuta mita cewa ƙwan da ke saman kekenta ba ya haske, an canza sau biyu. Wani lokacin ina ce ko gajiya ce, ko wata damuwa ce a gida.

Ga inda abin ya kai. Ranar Talata Madam ta kira ni ta ce nawa ɗinkin ya ragu sosai, in duba aiki ya fi ƙarfina in faɗa mata tun wuri, saura sati biyu gwajin ya ƙare. Sannan ta ce wata sabuwar makaranta ta ba mu riguna ɗari biyu, yadin zai iso ranar Litinin, kuma Gwaggo ce za ta ɗinka duka kwalolin, tunda a wata biyun nan aikinta ko tabo babu. Ƙawar Kowa, aikina take yabo ba ta sani ba. Kwala ɗari biyu! Ko aljana ce ni ba zan iya gyara su a bayan labule ba.

Sai kuma jiya. Na dawo daga banɗaki na tarar da riga a kan kekena, ɗinkin Gwaggo ne, aljihun a karkace, ga reza a kai. Na ɗaga kai na dube ta, tana ta taka kekenta ko kallona ba ta yi ba. Fushi take da ni? Gori take mini na zama babba? Rigar da rezar suna cikin jakata yanzu haka, ban farke komai ba.

In na faɗa wa Madam gaskiya na tona asirin wadda ta raine ni, ƙila ma a sallame ta. In na yi shiru na rasa matsayin, rigunan mutane su lalace. Ya zan yi?

Taki, Mai Reza a Jaka.

Mai Reza, 'yar uwata, sannu. Da farko dai ki je ki buɗe kular nan ki ci abinci, sannan ki dawo ki karanta. Ina jiranki.

Kin dawo? Yauwa. Ni kin san ban yi boko mai nisa ba, ɗinki kuma ko maɓalli na ɗinka sai ya faɗi a hanya. Amma na karanta wasiƙarki da kyau, kuma ina ganin amsar tana ciki, ke ce tsoro ya hana ki gani.

Sirrin da kike ta kashe kanki a kai, babu shi. Gwaggo ta sani. Matar da ta koya miki taka keke ba za ta kasa gane hannunki a jikin rigarta ba, ko a lalube ne. Kuma ki duba da wane yare ta yi miki magana: riga da reza, yaren da ku biyu kaɗai kuke ji a shagon nan. A da rigarki take ajiye miki. Jiya tata ta ajiye. Ban shiga zuciyarta ba, ba zan rantse miki cewa ba fushi a ciki ba, don ba wanda ke jin daɗin a riƙa share masa baya ba a faɗa masa ba. Amma da tozarta ki take so, da a gaban Rediyo za ta yi. Ta jira sai da kika fita. Ni abin da na ji a ciki shi ne, na gani, zo mu yi magana.

Yanzu bari in ɗan ja miki kunne, don ina sonki. Abin da kika yi tausayi ne, ba wanda zai ce ba ki da kirki. Amma ki dubi inda ya kai ku. Kin sa Madam tana yanke shawara a kan abin da ba gaskiya ba. Kin tura Gwaggo gaban kwala ɗari biyu, inda in ta faɗi kowa zai gani, ba riga ɗaya a bayan labule ba. Ita kuma Madam ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta faɗa. Aikin da ta ba ki duba aiki ne da faɗin abin da kika gani, ba gyaran na kowa ba. Da su Rediyo kin iya. Gwaggo ce jarrabawar, kuma har yanzu ba ki faɗi ba, kin dai ƙi shiga aji ne.

Maganar zare da ƙwan wuta kuwa ta tuna mini da mamata. Shekara guda tana zagin wayarta wai rubutun ya ƙanƙance, tana miƙa hannu can nesa kamar mai ɗaukar hoto. Da ƙyar muka lallaba ta aka duba idon, aka ba ta gilashi, yanzu ita ke gano mini datti a faranti. Ni ba likita ba ce, kar ki je ki ce Ƙawar Kowa ta ce ido ne. Ƙila shi ne, ƙila wani abu ne daban. Amma a duba, kuma ke ki raka ta.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Kafin Litinin, ki je gidanta. Ba shago ba, ba waya ba. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki fito da rigar da rezar ki ajiye a gabanta. Ki fara da naki laifin: ki ce kin daɗe kina farke mata ɗinki ba ki faɗa mata ba, kunya ce ta hana ki, ta yafe miki. Kar kalmar tsufa ta fito daga bakinki ko da wasa. Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana. In ta yi faɗa ki shanye, ta ci wannan a wurinki. In ta yi kuka ki zauna kusa da ita. Sai ta huce sannan ki kawo zancen kwalolin da na duba ido.

Wurin Madam kuma ku je tare in ta yarda, kuma kada ku je da matsala kawai, ku je da dabara. A raba kwalolin wa mutum biyu ko uku, Gwaggo ta tsaya a kansu tana nuna musu, tunda sanin yana kanta ko da layin yana guje mata. A matsar da kekenta kusa da taga. Ke kuma ki faɗa wa Madam inda lokacinki ya tafi, ki roƙe ta ta rage miki ɗinki in har tana son ki duba na mutum takwas da kyau. Wannan ba rashin kunya ba ne, maganar aiki ce.

In Gwaggo ta ce ba za ta je ba fa? Ki gaya mata a fili cewa ke za ki je, kuma ga abin da za ki faɗa, don kar ta ji a bakin wani. Ba zan yi miki alkawarin cewa Madam za ta bar miki matsayin ba, ko ba za ta ji haushin ɓoyewar ba. Amma in kika yi shiru, Litinin za ta tona abin da kanta, a gaban kowa, kuma ku biyu za ta kwasa.

Abu na ƙarshe, ki koma cin abinci da su Rediyo. In ta ce ranki ya daɗe sifeto, ki ce tare da na talakawa, ki miƙa mata cokali.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, Ya sa kwalolin nan su zauna cas. Rigar nan kuma kar ki gyara ta. Ki kai mata yadda take.

To ƙawayena, saura ku. Wa ya taɓa zama shugaban wanda ya koya masa aiki? Da wane baki kuka fara faɗa masa ya yi kuskure, kuma ya aka ƙare? Ku rubuto a ƙasa yanzu, don Mai Reza tana karantawa kuma Litinin ta kusa.