Ba Zan Sa Hannu a Takardar Pak Handoko Ba

Surabaya, 14 ga Maris

Zuwa ga yayana Mas Gunardi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma sanyin Osaka bai kwantar da ku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarmu Ibu ta yi sauƙi, har ta koma suyar tempe, wainar waken soyan nan, da faɗa da kajin maƙwabta. Babanmu Bapak yana nan da tsuntsunsa, ya fi kula da shi a kanmu.

Na ga saƙonka cewa in sa hannu a takardar amsa laifi, in ba Pak Handoko haƙuri tunda babba ne. Mas, ba zan sa ba. Rabin labari Ibu ta ba ka. A kamfaninmu na ajiyar kifi, ni na rubuta jerin umarnin da ke duba kowane ɗakin sanyi, ya buga wa mai gadi waya in sanyi ya ragu. Wata biyar yana aiki ba tangarɗa. Ranar Litinin injin ɗaki na uku ya mutu, waya ba ta buga ba, kifi ya ruɓe har wari ya kai bakin titi. Pak Handoko, shugaban sashenmu, ya ce aikin yara na yi, in amsa laifi ko in tattara kayana kafin Juma'a.

Kwana biyu ina bin abin layi-layi. A kwamfutata mai Linux yana tafiya sumul, a babbar na'urar ofis kuwa ya ƙi wuce layin farko. Na zaci wani umarni ne ba ta ganewa, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Sai na kwatanta nawa da na ofis harafi da harafi. Ashe a ƙarshen kowane layi na ofis akwai wata alama da ido ba ya gani, irin wadda ke maƙalewa in an adana rubutu a Windows. Mutum ɗaya ke da Windows a sashenmu, wato Pak Handoko, kuma bawan Allahn nan ba ya barin rubutun kowa ya wuce bai taɓa ba. Buɗe rubutun nawa da ke na'urar ofis ya yi ya mayar da sunan sashe babban baƙi, ya adana, ya mayar. Sunansa na nan a jikin fayil ɗin, ranar Asabar, kwana biyu kafin injin ya mutu.

Na same shi shi kaɗai, don kar in kunyata shi a gaban mutane, yadda Ibu ta koya mana. Wai in shiga hankalina, abin da ba a gani, ba ya ruɓar da kifi, kuma tun ban iya ɗaura hijabi ba yake taɓa kwamfuta. Na ce to, gobe a taro zan nuna wa mai kamfani abin da ba a ganin a babban allo. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro ma ina ji, don suna iya korata duk da haka. Amma in na sa hannu, duk inda na nemi aiki takardar nan za ta riga ni isa. Kai ka saya mini kwamfutar farko, ka ce in koya sosai. To, na koya.

Ka gaida matarka Mbak Lastri da 'yata Kinasih, da kawunmu Pakde Warsito in kun haɗu. Ibu da Bapak suna gaisuwa. In ka kira gobe, kar ka tambaye ni ko na ba da haƙuri, ka tambaye ni yadda taro ya kasance.

Ƙanwarka,
Palupi