Ƙarar da Na Kai Malamin Hauwa'u

Assalamu alaikum, ƙanena Sani.

Ina gajiya, ina iyali, yaya ruwan Fatakwal? Ƙafar maiɗakinka ta yi sauƙi? Mu nan Lambara lafiya lau.

Ɗiyarka Hauwa'u ta ce mani sabon malaminsu na makarantar Shagari ba ya tsayawa gaban allo. Ko Turanci ko Fiƙihu, sai ya zaunar da su rukuni-rukuni su yi ta gardama. Ban bincika ba, na kai ƙararsa wurin hedimasta, na ce rago ne, a canza shi.

Da na fito sai na leƙa ajin don in ƙara hujja. Na iske suna shari'ar shanun da sunka ci gonar albasa. Malamin ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Ga dattijo mai sasanta mutane, ku tambaye shi." Na gyara hula, na ce makiyayi ya biya, shi ke nan.

Hauwa'u ta ɗaga hannu. "Baffa, da dare sunka shiga ko da rana? Ai hukuncin ba ɗaya ba ne." Ta kawo dalili, ta maimaita wa ƙawayenta da Turanci. Ni kuwa sai na tashi na mayar wa malamin kujerarsa.

Bawan Allahn nan har bakin ƙofa ya raka ni yana godiya, bai san ofishin da na fito ba.

Gobe zan koma in janye maganata. Ka taya ni addu'a kada in iske ta riga ta kai sama. Gai da yara da maƙwabta.

Yayanka,
Ummaru