Wa Ke Biyan Kuɗin Jinyarka, Baba?

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi, 'yarka Rabi ce daga Riyad. Na san hannunka ba ya riƙe waya, sai dai wata ma'aikaciya a gidan kula da tsofaffin nan na Kano ta karanta maka.

Ka tuna ɗakinmu na unguwar Utaiƙa, a nan Riyad? Kakan dawo daga kasuwar Aziziya, rigarka na warin albasa, ka zaunar da Yaya Nura da Auwalu ka ce, "Ga fanshona nan. Wanda ya haifi maza ba ya tsoron tsufa." Ni kuwa ina bakin ƙofa riƙe da butarka.

Abokan aikinka sun sha ce maka ka yi tanadi, kai kuwa sai dariya. Ka sai wa Nura mota, ka gina gida a Kano da sunan Auwalu. Da na nemi kuɗin makarantar koyon jinya, cewa ka yi, "Ba na ban ruwa a gonar wani." Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta sayar da 'yan kunnenta.

Da ɓarin jikinka ya shanye, tun bakinka bai buɗe ba kafilinka, Balaraben da kake aiki a ƙarƙashinsa, ya soke iƙamarka ta zaman ƙasa, aka mayar da kai Kano. Nura ya ce fasinja na jiransa, ko filin jirgi bai raka ka ba. Auwalu ya ce matarsa ba ta wankin tsoho, ya zuba 'yan haya a ɗakinka.

Ni na nemo gidan da kake. Ina juya tsofaffin Larabawa a wani asibiti a unguwar Shumaisi, da albashin nake biyan mai juya ka. An ce kana gaya wa masu dubiya wai Nura ne ke biya. Na roƙi ma'aikatan su riƙa gyara maka maganar a gaban baƙin.

Ba zan zo hutu bana ba, kuɗin jirgin ya tafi a maganinka. Ɗan abin da ya rage ina tara wa tsufana, don na ga yadda 'ya'ya ke biya.

Sun ce ka rame. Na ce a riƙa dama maka kunun gyaɗa, kar a cika sukari, a kuma rufe maka ƙafa in za ka kwanta.

Allah ya sassauta maka, Baba. Allah ya ja kwananka, ya bar maka hankalinka garau, yadda duk safiyar da aka ɗaga ka aka yi maka wanka, za ka san wadda ta biya.

'Yarka,
Rabi