Saiwar Gamba

Dogo-Dogo, daren Laraba, ƙarshen bazara

Barci ya ƙi zuwa don murna. Yau gonata ta dawo hannuna!

Damina uku ke nan da Alhaji Sani, ƙanen depite ɗan majalisarmu, ya tuge gambar da ke kan iyakarmu, ya haɗe rabin gonata da tasa. Da na kai ƙara, tsohon alƙali ya ci ragon Alhaji, ni kuwa kullum na tambayi takardun ƙarata sai "dosiyenka bai fito ba." Da mulki ya juya, depite ya rasa kujera, aka canja alƙalin.

Sabon da kansa ya zo bisa moto. Ya ce, "Baba, ina kakanka ya dasa gambar?" Na nuna. Aka haƙa, sai ga tsofaffin saiwoyi a jere! Ashe Alhaji sama ya tuge, ya manta da ƙasa. Har ragon da ya aika wa sabon alƙalin jiya aka mayar masa a gaban jama'a.

Matata Hajara ta ce, "Malam, rage rawar kai, wanda ya faɗi yana iya tashi." Da gaskiyarta. Don haka da asuba zan yi binne, ba zan jira ruwa ba. Kafin rediyo ya sake kiɗan soja na juyin mulki, irina na cikin ƙasata.