Makhulu Ta Soke Sunanta

Sisi Zoleka, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, na rasa ta inda zan kama.

Ni mai bincike ce a wata jami'a a nan Cape Town. Aikinmu a kan wasu 'yan ƙofofi ne a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna buɗewa suna rufewa, gishiri na wucewa, da haka jijiya ke aika saƙo. In wata ta ƙi rufuwa, sai farfaɗiya. Shugabar ɗakin bincikenmu, farfesar da muke kira Makhulu, wato Kaka, ta yi suna ne da bayanin yadda ɗaya daga cikinsu ke rufuwa. Daga Japan har Brazil, babu mai rubutu a kai bai ambace ta ba. Ita ta ɗauko ni daga Mthatha, ta riƙe hannuna ta koya min soka allura a ƙwan kwaɗo ba tare da ya fashe ba. Ranar aurena ma kusa da mahaifiyata ta zauna.

To, duk gwajinta a ƙwan kwaɗo ta yi shi, cikin sanyi. Ni da karambanina na maimaita a ƙwayar mutum, da ɗumin jikin mutum, sai ƙofar ta yi wani abu daban. Na sake, na sake, har na gaji. Bayaninta bai tsaya ba.

Na rubuta takardar sakamakon don bugawa, sunan ɗalibata a farko, ni a tsakiya, Makhulu a ƙarshe. A wurinmu sunan ƙarshe na mai ɗakin bincike ne, alamar ya tsaya wa aikin. Ta karanta tana kurɓar shayin rooibos, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai ta ja layi a kan sunanta, ta ce, "'Yata, sa naki a nan." Daga nan ta tambaye ni ko an ba kwaɗi abinci.

Korata ta yi ko me? Mijina Lwandile ya ce tsohuwa ta yi fushi, in yaga takardar in zauna lafiya. Ɗalibata kuwa har rawa ta taka, wai an naɗa ni magajiyarta. Makhulu na gaisawa da ni kamar kullum, amma ta daina leƙowa wurin gwajina. Ƙarshen shekara za ta yi ritaya, kuma ni aka ɗora wa jawabin ban kwana, ki ji fa! In na buga, na tona wadda ta raine ni. In na ɓoye, akwai masu neman maganin farfaɗiya a kan bayanin nan. Wallahi tsoro nake ji kar in rasa ta.

Mai ruɗani, Cape Town.

'Yar'uwa, sha ruwa ki nutsu. Kar ki yaga komai, ki gaishe min da Lwandile.

Mai yiwuwa shi da ɗalibarki duk sun yi gaskiya. Aikin rayuwarta ne kika taɓa, dole ta ji ciwo, ba dutse ba ce. Amma da binne takardar take so, hanya a buɗe take: ta ce ki yi ta sake gwaji har ta tafi. Ba ta yi ba. Ta karanta, ba ta sami kuskure ba, ta matsa ta ba ki wuri.

Daina leƙowar, ko zafin rai ne, ko ba ki fili take yi, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Bar duba a fuskarta. Ki dafa umngqusho, dafaffen masara da wakenmu, ki kai mata gida, ba ofis ba, ki faɗa mata tsoronki kamar yadda kika faɗa min. Daga nan ki ci abincinki ki ba ta lokaci.

Takarda kuwa ki aika kafin bikin ban kwanan, da saninta. Masu farfaɗiya ba za su jira ku gama jin kunyar juna ba. A jawabinki ki faɗi wadda ta koya miki sake gwaji har ki gaji.

Kuma wanda aka kora, ba a tambayarsa ko kwaɗi sun ci abinci. Mai ɗakin bincike ake tambaya. Allah Ya daidaita ku, Ya sa ta ga jikokin aikinta.

Sisi Zoleka